Askar Wanzami, Allurar Tatu da Sunan Allah

Wata magariba a bakin wani masallacin unguwa a Agiye, wurin da ake jera butoci, wani saurayi ya naɗe hannun riga zai yi alwala. Da ganin takalminsa da agogonsa ka san bai daɗe da dawowa daga bida ba, ko Libiya ko Aljeriya. Tsakanin wuyan hannunsa da gwiwar hannu an rubuta sunan Allah da baƙaƙen Larabci, shuɗi-shuɗi, a cikin fata. Wani dattijo da ke tsugune kusa da shi ya tsaya da buta a hannu ya ce, "Kai yaro, wa ya yi maka wanga ɗanyen aiki? Da shi kaka shiga makewayi?" Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, don son Allah na yi." Dattijon ya yi tsaki ya ci gaba da alwalarsa. Ni kuwa fuskar dattijon na tsaya kallo. Bagobiri ne, zane shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan, sun taso daga gefen baki sun bazu har kusa da kunne.

Ga mutum biyu, kowa an huda masa fata an bar masa shaidar da zai shiga kabari da ita, amma ɗaya na ganin ɗayan ya yi saɓo. Da a ce an tambayi dattijon, da ya ce mi ya haɗa kifi da kaska, nasa gado ne, na yaron kuwa kwaikwayon Nasara. Amsar tana da gaskiya a cikinta, tana kuma da rami, kuma kafin a gane ko wanne ne wanne sai an koma zabirar wanzami.

A ƙauyukan Agiye da Gazawa da Gidan Rumji, har kwanan baya, ranar suna ranar wanzamin gida ce. Da an raɗa suna an yanka rago, sai ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, wata tsohuwa ta riƙe jariri. Ya aske gashin haihuwa, ya cire beli, sannan ya zaro ƙaramar aska ya tsattsaga kumatu irin yadda aka yi wa uban yaron da kakansa, ya shafa baƙin tukunya ko kunkunniya don tabon ya fito sosai in ya warke. Aikin ba ya ɗaukar lokaci, kuka ne dai ke daɗewa. Wannan shi ne zanen gado, wasu su ce askar gida. Akwai kuma na kwalliya, wanda budurwa kan je da ƙafarta a yi mata: kalangu a kunci, 'yar baka a gefen baki, jarfa a wuya ko a hannu. Akwai bille da ke sauka a karkace daga karan hanci, da fashin goshi. Na uku shi ne tsagar magani, inda ake tsaga fata a cusa gari, ko don ciwon da ya ƙi ji, ko don dafin kunama da maciji, ko don ƙarfe kada ya kama mutum, irin abin da 'yan tauri ke taƙama da shi.

Zanen gado ya yi aikin takardar shaida a zamanin da babu takarda. Bayan Alƙalawa ta faɗi a hannun masu jihadi a 1808, da kuma yaƙin Gawakuke na 1836, Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya sun kafa Tsibiri, wadda yau take cikin gundumar Gidan Rumji, kamar yadda Katsinawan da suka bi Ɗan Kasawa suka zauna Maradi. Shekaru da dama aka yi ana kai hari ana ramawa tsakanin wannan yanki da ƙasar Sakkwato da Katsina. A irin wannan zama, yaron da aka kama aka kai wata kasuwa mai nisa, fuskarsa ce ke faɗin gidansu, da ita danginsa za su gane shi su fanshe shi. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa, amma a nan labarin asali ne fuskar ke bayarwa. Ba ta cewa komai game da wanda mutum ke bauta wa. Limamin Tsibiri da mai garayar da ke kiɗa a gidan Inna, shugabar 'yan bori ta Gobir, za su iya ɗaukar zane iri ɗaya. Haka ma Bagobirin da ya shiga addinin Almasihu bayan 'yan mishan na SIM sun zauna Tsibiri wajen ƙarshen shekarun 1920.

Wurin da aska ta fi kusantar imani shi ne wajen ɗan wabi. Matar da 'ya'yanta ke ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, in ta sake haihuwa, akan sa wa jaririn suna na wulaƙanci kamar Ajuji ko Ayashe, wasu gidaje kuma su yi masa tsaga dabam da ta gida, wai don abin da ke ɗauke yaran ya ɓata kai ko ya raina shi ya bar shi. Wannan kam aƙida ce aka rubuta a fata. Sai dai aƙidar ɓoyewa ce, ana son a sa yaron ya saje, kada a gane shi. Tatu na addini kuwa shela ne.

Akwai wani abin ban sha'awa a nan. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Infaƙul Maisur, ya kawo cewa asalin Gobirawa daga Kibɗawan Masar yake, kuma har yau za ka ji wannan a bakin masu ba da tarihi a Tsibiri. Masana na jayayya a kan ingancinsa, wannan nasu ne. Abin da ya shafe mu shi ne, idan ana neman al'ummar da ta fi kowa riƙo da zanen addini a jiki, to Kibɗawan nan ne. Kirista Bakibɗe kan ɗauki ƙaramin gicciye a cikin wuyan hannunsa na dama, sau da yawa tun yana yaro, ana yi masa a bakin coci ko wajen bikin wani waliyyinsu. Masu gadin coci a Alƙahira kan ce a nuna hannu kafin a shiga. A lokacin fitina kuwa wannan gicciyen ne ke tona asirin mai shi, kuma sun san da haka suke yi. A tsohon birnin Ƙudus akwai iyalin Razzouk, su ma Kibɗawa ne, da ke cewa sana'ar tana gidansu tun wajen shekara ta 1300. Har yanzu suna da tsofaffin hatimai na itace da suke dangwala wa masu ziyara siffar zane kafin a bi da allura, mutum ya koma gida da shaidar ya je, kamar yadda a da alhaji kan dawo da haƙorin Makka. Matan Kiristocin Habasha ma, musamman a arewacin ƙasar, kan yi gicciye a goshi ko a wuya.

In ka bi sauran wuraren da al'adar ta yi ƙarfi, sai ka ga kusan labari ɗaya ne. Matan Katolika na Bosniya sun riƙa zana gicciye a hannun 'ya'yansu mata a zamanin mulkin Turkawan Usmaniyya, don kada a ɗauke su a sauya musu addini. A jihar Chhattisgarh ta Indiya, a ƙarshen ƙarni na 19, wasu talakawa da aka hana shiga ɗakunan bauta saboda ƙasƙancin asalinsu suka rubuta sunan Ram, abin bautarsu, a jikinsu, wasu tun daga ƙoƙon kai har ƙafa. Ana kiransu Ramnami. Duk waɗannan mutane ne 'yan tsiraru ko waɗanda aka danne, masu tsoron a raba su da abin da suka yi imani da shi, sai suka ajiye shi inda ba mai iya ƙwacewa. Akwai inda dalilin ya bambanta, kamar Tailan, inda malaman addinin Buda ke zana addu'o'in tsari a bayan mutum, wanda ya fi kama da tsagar maganinmu. Amma wanda aka yi don shela, galibi matsi ne ya haife shi.

Musulmin Agiye ba ya cikin irin wannan matsi. Kiran salla ke tashinsa, sunansa Abdu ko Sani, kasuwa na tsayawa ranar Juma'a in liman ya hau mumbari. Wa zai nuna wa hannu, kuma don ya shaida masa me?

Kada a ɗauka Bahaushe bai son kusantar da sunan Allah ga jikinsa. Ya so, har ya wuce kowa, sai dai ta wata hanya ya bi. Malam ya fiƙe alƙalami, ya tsoma a tawadar gawayi da ƙaro, ya cika allo da aya, a wanke a ƙwarya a sha, sauran a shafe jiki. Mai naƙuda ta sha, ɗalibi mai jarrabawa ya sha, ɗan kasuwa ya sha. Ko kuma a rubuta a takarda, a naɗe, a kai wa baduku ya ɗinke da fata, ta zama laya a wuyan yaro, kambu a damtse, guru a ƙugu. Dubi 'yan kokawa in sun shigo fili lokacin gasar takobi, yadda suke zuwa da layu rambatsau, kuma kafin a kama sai an tuɓe mafi yawansu. Wato rubutun ko dai ya shige ciki ya ɓace, ko ya zauna a waje cikin kube inda za a iya cire shi a rataye. Ita kanta fata, an bar ta ga dangi da kwalliya da magani. Da Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta yi ƙarfi a jihar Maradi ta yaƙi laya da guru, sai alamun suka koma gemu da ɗage wando da hijabi. Su ma duk abubuwa ne da ake iya askewa ko tuɓewa.

Wannan rabon aiki yana da tushe a karatun zaure. Duk almajirin da ya kai Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya ci karo da wurin da aka hana mata ƙarin gashi da jarfa, abin da Larabawa ke kira washmu, wato a soka allura har jini ya fito a cusa baƙi. Hujjar ita ce hadisan da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar da Abdullahi ɗan Mas'ud, inda aka la'anci mai yi da mai neman a yi mata, kuma malamai sun ce hukuncin ya haɗa da maza. Suna ƙarfafa shi da aya ta 119 ta Suratun Nisa'i, wadda ta ambaci alwashin Shaiɗan na sa mutane canja halittar Allah. Lalle da kwalli da katambiri ba su shiga ciki ba, don suna gogewa. Malaman Shi'a sun saɓa a nan, Ayatullahi Sistani na Najaf yana ganin tatu halal ne a kan kansa, shi ya sa a Iraƙi da Labanan za ka ga samari da sunan Ali ko hoton takobinsa a damtse. Amma ƙasar nan ƙasar Malikiyya ce, kuma a wannan mas'alar ɗan ɗariƙa da ɗan Izala, waɗanda ba su cika haɗuwa a kan komai ba, bakinsu ɗaya.

In kuwa abin da aka zana sunan Allah ne ko aya, sai matsala ta biyu ta hau kan ta farko, ita ce wadda dattijon ya fara tambaya. Mai laya kan cire ta ya rataye a ƙusa kafin ya zaga. Mai tatu ba shi da ƙusa. Da shi zai yi tsarki, da shi zai kwana da janaba, da shi zai kwashe taki a gona. Yaron ya so girmama sunan, sai ya kai shi wuraren da ko takardar da aka tsinta a ƙasa mai bismilla ba a bari ta kai. A ganina wannan hujjar ta fi saurin shiga kunnen saurayi fiye da tsawa, don tana magana da niyyar da ya ce yana da ita.

To amma ga ramin da na ce akwai a amsar dattijon. Dalilin da ya hana allura bai ƙyale aska ba. Canja halitta canja halitta ne, ko da injin lantarki aka yi a Sabha ta Libiya ko da askar wanzami a Cadakori, balle ma zanen gado da ake shafa wa baƙi ya cika siffar washmu sarai. Muslim ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana yin lamba a fuska ko da ta jaki ce. In an hana a fuskar dabba, ina ga ta jariri ɗan kwana bakwai? Wa'azin malamai a kan haka, tare da makarantar boko da gargaɗin likitoci game da ciwon hanta da sida da aska ɗaya ke iya yaɗawa, shi ya sa yau in ka shiga aji a Gazawa da wuya ka ƙirga yara masu cikakken zane. A Najeriya ma dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta haramta yi wa yaro zane ko tatu. Shi dattijon ba shi da laifi, an yi masa ne lokacin da alƙalami bai hau kansa ba. Sai dai bai kamata ya ɗauka cewa abin da ke kuncinsa da abin da ke hannun yaron daga duniya biyu suka fito ba.

Kuma sha'awar a ga addini a jiki ba ta bar mu ba, ta dai sake wuri ne. Dubi yadda ake kallon tabon salla. Mai baƙin goshi ya zo neman aure ko rance, an riga an ba shi rabin yarda kafin ya buɗe baki. A Masar suna kiransa zabiba, kuma ya zama abin taƙama har ga 'yan siyasa. Masu son sa kan jingina da ayar ƙarshe ta Suratul Fathi, wadda ta yi maganar alamar sujada a fuskokin sahabbai, alhali tun magabata, Mujahid ya fassara alamar da tsoron Allah da ƙanƙan da kai, ya kuma yi gargaɗin cewa ana iya samun tabon a goshin mai ƙeƙasasshiyar zuciya. Shi tabon, kanta ce kawai, yana fitowa gwargwadon fatar mutum da kaushin tabarmarsa. Akwai tsohuwar da ta shekara sittin ba ta rasa asuba ba, goshinta sumul. Ana kuma raɗe-raɗin masu goga goshi da gangan don ya yi baƙi. In haka ne, to wannan shi ne tatu na addini da ya fi yawa a ƙasar Hausa, kuma ba wanda ke yi wa mai shi tsaki a bakin masallaci.

Kiristocin yankin, duk da su ne 'yan tsiraru, ba su bi sawun Kibɗawa ba. Bishara ta zo musu ta hannun 'yan mishan masu tsananin riƙo da nassi, kuma Littafin Firistoci 19:28 ya hana tsaga jiki da yin zane a kansa. Akwai masu cewa ayar tana magana ne a kan makokin arna na wancan zamani, suna kuma kawo maganar Bulus a ƙarshen wasiƙarsa ga Galatiyawa game da tabban Yesu a jikinsa, amma mafi yawan fastoci a nan ba sa so. Mace Kirista a Tsibiri ko Maradi, in za ta nuna addininta, zanen zumuntar mata take ɗaurawa, wato zanen da ake wankewa a shanya, ba wanda ake tsagawa ba.

Daga ina yaron ya samo nasa ke nan? Daga gidan kallo da waya. Ya ga Messi da hoton Yesu a damtsen dama, ya ga Neymar da Beckham da gicciye mai fukafukai a ƙeya, ya ga ana tafa musu. Ya je bida, ya kwana a ɗaki ɗaya da samarin ƙasashe goma, wasu da gicciye a ƙirji, ya yi nisa da gida, ya ga mutuwa a hamada. Sai ya ce shi ma bari ya nuna nasa. In ka duba da kyau, a can ne ya ɗanɗani zaman ɗan tsiraru, baƙo marar gata, kuma abin da irin wannan zama ke haifarwa shi ya haifar masa. Ban ga shashanci a niyyarsa ba. Na ga jahilcin hukunci da kaɗaici, da kuma aron riga da ba a ɗinka don shi ba. Kuma da ya dawo Agiye, shaidar da ya biya kuɗi aka yi masa ta zama abin ɓoyewa da dogon hannun riga cikin zafin bazara.

Abin da ya rage shi ne yadda za a yi da shi, kuma a nan ne ake yawan yin ɓarna. Ana gaya wa irin waɗannan samari cewa alwalarsu ba ta yi, sallarsu ba ta karɓuwa har sai sun goge. Wasu su ɗauki ruwan batir ko ƙarfe mai zafi su ƙona wurin, su ƙare da gyambo da tabo mai tudu wanda ya fi na farko muni. Wasu kuma su ce tunda haka ne, an huta, su daina zuwa masallaci. Alhali tawadar tana ƙarƙashin fata, ba ta hana ruwa taɓa gaɓa. Gaskiya ne Imamu Nawawi na Shafi'iyya ya ce a cire in ba za a cutu ba, amma Nafrawi, mai sharhin Risala da ake karantawa a zaurukanmu, ya ce ba a tilasta wa mai shi cirewa da wuta, abin yafewa ne, kuma salla da shi ta inganta. Cirewa ba tare da cuta ba sai da na'urar leza, zama bayan zama, da kuɗin da ɗan bida daga Gangara ko Gidan Sori ba shi da su.

Don haka ina roƙon limamai da masu wa'azin kasuwa su faɗi hukuncin duka, kada su tsaya a rabinsa. Su ce wa wanda bai yi ba kada ya yi, su ce wa iyaye su bar kumatun jarirai yadda Allah ya yi su, su kuma ce wa wanda ya riga ya yi ya tuba, ya rufe wurin in zai zaga, ya bar ruwan batir, ya zo ya shiga sahu. Ran nan dai a sahu ɗaya na ga saurayin da dattijon, kafaɗa da kafaɗa, kuma liman bai tambayi ko ɗayansu abin da ke fatarsa ba kafin ya kabbarta.